Duwatsun Da Ruwa Ke Ɓoyewa: Darasin Labarin Ƙasa A Bakin Binuwai

Cikin darussan labarin ƙasa da a ke ba mu mu koyar, babu wanda ke wahalar da malamin ƙasarmu kamar darasin bakin teku. Littafi ya kan ce teku yana cikowa yana janyewa sau biyu kowace rana, in ya janye kuma sai waɗansu duwatsu masu ban mamaki su bayyana, mutane su sauka su yi yawo a inda ɗazu kifi ke iyo. Malam ya rubuta wannan a allo, yara su kwafe, su haddace, ran jarrabawa su mayar masa da abinsa kamar wanda ya ba su ajiya. Amma in ka ɗan juya tambayar, ka ce wa yaro ya faɗi abin da ya siffanta duwatsun nan, sai ya tsaya yana kallon rufin aji. Ba laifinsa ba ne. Yaron Jimeta bai taɓa ganin teku ba, gama tsakaninmu da shi akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta kogi.

To, abin da na ke so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita gwajin koyarwa shi ne, mu ma muna da ruwan da ke cikowa ya janye ya bar duwatsu a fili, watau Binuwai. Bambancin kawai, teku ya kan yi nasa cikin sa'o'i, namu kuwa sai ya ɗauki shekara guda. Wanda ya iya karanta gaɓar Binuwai da rani ya gama rabin darasin bakin teku tun bai buɗe littafi ba. Gani ya kori ji.

Bari mu fara da tekun, domin malam ya san abin da zai kwatanta.

Wata ne babban mai jan ruwan teku, rana kuma tana taimaka masa kaɗan. Wani Bature mutumin Ingila, Isaac Newton, shi ya fara bayyana dalilin sosai a littafinsa na shekarar 1687. Jan da wata ke yi ya kan sa ruwan teku ya yi tozo a gefen duniya da ke fuskantarsa, ya kuma yi wani tozon a gefen da ya ba shi baya. Duniya kuwa tana juyawa, saboda haka kowace gaɓa ta kan shiga tozon nan ta fita sau biyu. Daga cika zuwa janyewa sa'a 6 ne da 'yan mintoci, daga cika zuwa wata cikar kuma sa'a 12 da minti 25. Ke nan cikar yau ta kan makara da wajen minti 50 a kan ta jiya. Nan ne malam zai kama yara da abin da suka sani. Duk yaron da ya taɓa wasan dare da farin wata ya san bayan daren 14 wata ya kan riƙa jinkirin fitowa kowane dare. Jinkirin nan shi ne na teku, ba wani ba. Haka kuma lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wata da rana su kan haɗa ƙarfi, sai cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa. Ran da ya kwana 7 ko 22 kuwa, abin ya kan yi sauƙi.

Ba ko'ina ne ruwan ke tashi daidai ba. A Ikko bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Amma akwai wani lungun teku a gabashin Kanada da a ke kira Fandi, mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe kamar mazurari, inda ruwa ke tashi har wajen mita 16, watau ya fi tsawon rimi matashi. A gaɓar lungun nan, a wani wuri mai suna Hopwel, akwai duwatsu tsaitsaye, waɗansu sun kai mita 20. Gindinsu siriri ne, kansu kuwa fankameme, har da itatuwa a bisa, sai ka ce turmi ne aka dasa wa shuka. In teku ya janye mutane su kan sauka su zagaya gindinsu da ƙafa. Bayan 'yan sa'o'i sai a cikin ƙaramin jirgi za a iya zuwa wurin, kawunan duwatsun kaɗai ke waje kamar tsibirai. Dalilin siffarsu ba wuya: ruwa gindi ya ke bugu, sau biyu kowace rana, shekara da shekaru, bai cika kaiwa sama ba. Aikin kuwa bai tsaya ba har yau. A watan Maris na 2016 wani babba cikinsu, wanda a ke kira Dutsen Giwa, ya tsage, kusan rabinsa ya zube.

Yanzu sai mu komo gida.

Binuwai ya taso ne daga tuddan Adamawa cikin ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, ya karɓi ruwan Faro kusa da iyaka, ya wuce ta gabanmu, ya karɓi Gongola a Numan, ya bi ta Ibi da Makurɗi har ya gamu da Kwara a Lokoja. Tsawonsa wajen kilomita 1,400 ne. An ce sunan daga bakin Batawa ya fito, ma'anarsa uwar ruwa. Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro ran 18 ga Yuni 1851, kwana biyu kafin ya iso Yola zamanin Lamiɗo Lawal. Ya zo ne da farkon damina, kogi ya soma tashi amma bai kai ga cikarsa ba.

Cikar ta kan zo ne daga Agusta zuwa farkon Oktoba. A dā a 'yan makonnin nan ne kawai manyan jiragen ruwa na kamfanoni ke iya hawowa Jimeta, waɗansu har Garwa, su sauke gishiri da yadi su ɗauki gyaɗa da auduga, su yi sauri su juya kada ruwa ya gudu ya bar su a kan yashi. Kun ga, matuƙan nan lissafin da su ke yi da watanni shi ne wanda matuƙan bakin teku ke yi da sa'o'i. Daga Nuwamba ruwa ya kan yi ta ja da baya, masu masakwa da masu lambu suna bin sawunsa, har zuwa Maris da Afrilu sa'ad da kogin nan mai ban tsoro ya kan koma 'yan hanyoyin ruwa da ke lauje-lauje tsakanin filayen rairayi.

Akwai wani abu guda da ya kamata malam ya riƙe. Kogin a Jimeta bai kai mita 200 sama da teku ba, alhali ga nisan tafiyar da ta rage masa. Gangaren kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa da zarar ƙarfin damina ya ƙare, ba ya iya ɗaukar kayan da ya kwaso daga tuddai, sai ya zubar da su a ƙofarmu. Rairayin nan da tifa ke kwasa kullum ana gina Jimeta da shi, garin duwatsun Kamaru ne.

A watan Maris, ina gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, na roƙi hedimasta izni na kai 'yan aji 6 bakin kogi. Muka fita da sassafe tun rana ba ta yi zafi ba, gama zafin Yola a watan nan ba abin wasa ba ne. Kayan aikinmu ba su da yawa: igiya mai ƙulli a kowace mita, gora doguwa, kwalabe uku, alli, da littafin rubutu. Muka nufi wani wuri a gaɓar Jimeta inda falalen dutse ya gangara ya shiga rairayi, duwatsun Bagale suna fuskantarmu daga ƙetare.

Da isarmu ban ce musu kome ba a kan dutse. Na sa wani yaro ya kafa tsinke daidai bakin ruwa, na duba agogo, ƙarfe 7 da rabi, muka bar shi nan.

Sa'an nan na ce su nemo mini inda ruwan bara ya tsaya. Da fari suka yi ta duban ƙasa. Can wata yarinya ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ga shi can sama!" Ashe ta hango ciyayi da tsummoki da ledoji sun maƙale a rassan wata bishiya, a jere kamar an ja layi. Muka duba jikin dutse, sai ga shi shi ma yana da nasa layin: ƙasa da shi dutsen sumul ne mai duhu, sama da shi kuwa garas-garas, ja-ja. Muka tsai da gora muka auna, muka ƙara da igiya. Yaron da ya fi kowa tsawo a ajin ya tsaya a gindin, aka ga ko an ɗora masa wani a kafaɗa, a watan Satumba ruwa zai shanye su duka biyu. Daga nan surutu ya ragu. Na ce musu, inda ku ke tsaye yanzu gidan kifi ne watanni shida da suka wuce, yadda mutanen Hopwel ke tsayawa a gidan kifin sa'a shida da suka wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne ramukan da ke kan falalen. Waɗansu kamar ƙoƙo, waɗansu kamar tukunya, ɗaya ma sai da yaro ya zura hannu har kafaɗa. Cikinsu santsi kamar an shafe da makuba. Wani ya ce mutanen dā ne suka yi daka a ciki. Ban ƙaryata shi ba nan da nan, gama lalle a kan sami duwatsun niƙa na mutanen dā a ƙasarmu, amma na tambaye shi wace mace ce za ta sassaƙa turmi a inda ruwa ke rufewa, ta kuma yi masa ciki ya fi bakinsa faɗi. Na ce su kwashe abin da ke ƙasan ramin. Suka fito da yashi, da 'yan duwatsu uku mulmulallu kamar ƙwan zabo. To, ga taɓaren. In ruwa mai ƙarfi ya tarar da ɗan gurbi a dutse sai ya riƙa juyi a ciki, ya ɗauki tsakuwa yana wulwula ta, tsakuwa tana cin dutse, dutse yana cin tsakuwa, damina bayan damina. Ruwa shi kaɗai ba ya cika sassaƙa dutse, sai ya sami abin riƙewa a hannu. Wannan ita ce maganar da na fi so su tafi da ita gida, domin ita ce kuma asirin duwatsun bakin teku: igiyar ruwa da yashi da tsakuwa ta ke jifansu.

Gaba kaɗan muka sami inda dutsen ya yi rumfa, sama ya turo, ƙasa ya shige ciki, har yara huɗu suka fake. Na ba su ƙusa suka karci sama suka karci ƙasa. Na ƙasa ya fi taushi, yana zubar da yashi. Suka gane da kansu cewa dutse ba duka ƙarfinsa ɗaya ba, ruwa kuwa mai taushin ya ke fara ci. Na zana musu dutsen Hopwel da alli a kan falalen, na ce su faɗi abin da zai faru da rumfar nan in ruwa ya ci gaba. Suka ce za ta faɗi. Na ba su labarin Dutsen Giwa. Waɗanda ke ƙarƙashin rumfar suka fito ba wanda ya ce su fito.

Akwai wani tsoho masunci yana gyaran koma kusa da mu, yana jinmu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ko ka san lokacin da bakin dutsen nan ya fi haka tsawo?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam. Ina yaro nan mu ke ɗaure jirgi, ga gutsuren can a kwance." Ya nuna wani katon ɓangare da rairayi ya binne rabinsa. Ina ba 'yan'uwana shawara, kada ku je bakin kogi ku wuce irin waɗannan dattawa. Abin da littafi ke kira zaizaya, su da idonsu suka ga tafiyarsa.

Daga nan muka zo ga abin da ni kaina na fi jin daɗinsa. Dutsen da Yola da Jimeta ke zaune a kai, masana suna kiransa dutsen yashi na Bima, da sunan Dutsen Bima na Jihar Gombe. In ka murza shi sai ka ga ƙwayoyin yashi ne suka manne. A jikinsa akwai layuka hawa-hawa, waɗansu a kwance, waɗansu kuma a karkace tsakanin na kwancen kamar an jingina faifai. Na kai yara wani tudun rairayi da ruwan bana ya tara, muka yanka gefensa da fartanya a hankali. Sai ga irin layukan nan a karkace, sak. Na bar su suna duban yashi, suna duban dutse. Wani yaro ya ce a hankali, "Malam, ashe dutsen nan dā yashin kogi ne." Haka ne. Masana sun ƙiyasta cewa fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka da Amurka ta Kudu ke rabuwa, ƙasa ta tsage ta yi dogon kwari daga bakin teku har zuwa nan. Waɗansu koguna da ba su da suna suka yi ta zuba yashi a kwarin, na sama ya danne na ƙasa, har ya daskare. Cikin kwarin nan ne Binuwai ke gudu yau, yana tone abin da kakanninsa suka binne.

Ba a nan labarin ya tsaya ba. Bayan zamanin kogunan nan, teku da kansa ya biyo kwarin ya shigo ƙasarmu, ya daɗe, kāna ya janye. Shaidarsa tana nan. A wajen Guyuk akwai dutsen farar ƙasa irin wanda a ƙarƙashin teku ya ke taruwa, a Ashaka kuma cikin Jihar Gombe, inda a ke haƙar dutsen siminti, a kan tono ɓawon waɗansu halittun teku masu naɗi kamar katantanwa, sun zama dutse, waɗansu sun fi tafin hannu girma. Saboda haka in yaro ya ce maka teku abin mutanen Ikko ne, ka gaya masa buhun simintin da aka gina ajinsu da shi mai yiwuwa ƙasan teku ne, na nan arewa.

Muka cika kwalabe da tsakuwa da yashi da laka, muka ƙara ruwa, muka girgiza, muka ajiye. Tsakuwa ta zauna nan take, yashi ya bi, laka kuwa sai washegari a aji ta kwanta. Layukan dutse ke nan cikin kwalba.

Wajen ƙarfe 10 da rabi muka koma wurin tsinkenmu. Ruwa na nan inda muka bar shi, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na ce musu da a Hopwel ne, cikin sa'a ukun nan da ruwa ya yi tafiyar da ta fi tsawon ɗaki. A nan ya wajaba malam ya yi hankali, kada kwatanci ya zarce. Aikin da ruwa ke yi wa dutse ɗaya ne can da nan, amma abin da ke motsa ruwan dabam ne: can wata, nan damina. In ba a raba su sosai ba, sai yaro ya rubuta maka a jarrabawa cewa wata ne ke kawo ambaliya. Yarinyar nan da ta hango ledoji ta tambaya, "Malam, to, don me wata ba ya jan Binuwai, ko ruwan randarmu?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ita ce yana ja. Sai dai tozon ruwa ba ya tashi sai in jan da a ke yi wa wannan gefe ya bambanta da na wancan, wannan kuwa sai ruwa mai faɗin dubban kilomita. Randa da tafkin Geriyo da kogi duk ja ɗaya su ke sha daga baki zuwa baki, saboda haka ba a ganin kome.

Saura maganar tsaro, wadda ba na so kowa ya ɗauke ta da sauƙi, gama 'ya'yan mutane ne a hannunmu. Mutumin bakin teku yana da takardar da ke gaya masa sa'ar da ruwa zai komo. Mu ba mu da irinta, kogin rani kuma ya kan yaudari baƙo da sanyin halinsa. Inda masu yashi suka haƙa, ruwan da ke iya gwiwa ya kan koma rami mai shanye babba a taki ɗaya. Rairayin bakin ruwa wani wuri ya kan lafta ya riƙe ƙafa. Akwai wuraren da dorina ke kiwo. Dokata ɗaya ce a ranar nan, ba mai sa ƙafa a ruwa, na kuma tafi da wani malami ya riƙa bin baya yana ƙirga kawuna. Ka je kai kaɗai tukuna kwana ɗaya kafin ranar, ka tambayi masunta inda za a taka da inda ba za a taka ba, ka sami iznin iyaye.

Ban da wannan, Binuwai na yau ba damina kaɗai ke mulkinsa ba. Daga 1977 zuwa 1982 Kamaru ta gina madatsar ruwa ta Lagdo, sama da Garwa. In ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan ya kan tarar da kogi ya riga ya ƙoshi, sai ya haura gonaki da gidaje. Haka aka yi a 2012, aka kuma a 2022, mutane da yawa suka rasa muhalli a Adamawa da sauran jihohin da ke bin kogin har bakin teku. Yara da yawa a ajina sun tuna ta 2022, waɗansu a makaranta iyayensu suka kwana. Saboda haka layin da muka auna a jikin dutse ba wasan lissafi ba ne a wurinsu. Wani ya tambaye ni ko layin ya fi dandamalin gidansu tsawo, na ce ya auna tun daga bakin kogi in ya sami babba ya raka shi, ya kawo mini amsa.

Wanda ke son yin darasin nan ya yi shi tsakanin Fabrairu da farkon Afrilu, ya fita da sassafe, ya komo kafin ƙarfe 11, kowane yaro da gorar ruwan shansa. Ya sa su zana duwatsun yadda suka gan su, su rubuta kwanan wata, su lura da wata bishiya ko ƙafar gada da za su gane wurin da ita. In Satumba ta yi sai ya kai su kan gadar Jimeta, su tsaya bayan ƙarfen gefe da zanensu a hannu, su nemi duwatsun.